ZAFI, RUWA DA ƘARA: SANYAYA KATIN HOTON KWAMFUTA A ƘASAR RANO DA KIBIYA



Maganar da za a tattauna a wannan lacca ta shafi wani ɗan allo ne da ake sakawa a cikin akwatin kwamfuta, wanda aikinsa shi ne sarrafa hoto da zane, watau abin da za a riƙa kira katin hoto daga nan har ƙarshen bayani. Mai sauraro yana iya tambaya, me ya haɗa wannan kati da Rano da Kibiya, ƙasar noma da kiwo? Amsa ita ce, kayan sun riga sun iso. Mai auna filaye da ke zana taswirar gonakin rani, da mai zanen gini, da mai haɗa fim ɗin biki, da ɗalibin Makarantar Fasahar Karkara ta Rano, wadda take reshe ce ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ko dai suna aiki da irin wannan kati, ko kuwa suna fatan samunsa. Idan kuma lokacin sayen na ofis ya zo, ma'aikaci ne zai zauna ya rubuta takardar neman kaya, da kuɗin jama'a. Dillali zai kawo masa iri biyu, wanda iska ke sanyayawa da wanda ruwa ke sanyayawa, ya ce masa na ruwan ya fi tsada, amma ya fi sanyi, kuma ba ya ƙara. Maganar tsada ba ta da gardama. Sauran maganar gaskiya ce a ɗakin da aka gwada katin. Abin bincike shi ne ko tana nan a gaskiyarta a ofis mai rufin kwano a Kibiya, da ƙarfe biyu na rana, cikin watan Afrilu.

Da farko ya kamata a sani cewa duk wutar lantarkin da ta shiga wannan kati zafi take komawa. Katin da ke cin wat 450 murhu ne mai wat 450, ko da kuwa a cikin ƙonuwar tasa ya zana taswirar Ruwan Kanya. Domin a gane girman abin, jikin baligi da ke zaune yana hutawa yana fitar da zafi kimanin wat 100. Ashe ke nan kati guda ya yi daidai da mutum huɗu da ɗoriya a cikin ɗaki, sai dai su mutane zafinsu a warwatse yake a faɗin fata, shi kuwa kati mafi yawan nasa daga wata 'yar ƙwaya yake fitowa, wadda faɗinta bai kai rabin akwatin ashana ba. Idan ba a kwashe zafin nan da sauri ba, ƙwayar takan kāre kanta: da zarar ta haura digiri tamanin da 'yan kai a ma'aunin Salshiyas, sai ta rage gudu. Saboda haka asarar farko da zafi ke jawowa ita ce jinkiri. An biya kuɗin doki, ana tafiya a kan jaki, kuma babu wanda ya lura, domin ba a ga hayaƙi ba.

Ba haka katunan nan suke ba tun asali. GeForce 256, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 1999, wata 'yar fanka ƙarama ta ishe shi. A 2003 kamfanin ya fitar da GeForce FX 5800 Ultra, wanda ƙarar fankarsa ta sa masu saye suka yi masa laƙabi da sunan wani injin zuƙe ƙura. A 2014 kamfanin AMD ya haɗa ƙwaya biyu a kati guda, Radeon R9 295X2, mai cin wat 500, ya kuwa fitar da shi tun daga ma'aikata da famfo da ruwa a jikinsa. A 2022 aka sami RTX 4090 mai wat 450, a 2025 kuma RTX 5090 mai wat 575. Ita dabarar sa ruwa a kwamfuta ta girmi duk waɗannan. Kamfanin IBM ya yi amfani da ruwa a manyan injinansa tun cikin shekarun 1960, ita kuwa Cray-2 ta 1985 tsoma kayan cikinta aka yi gaba ɗaya a wani ruwan sinadari wanda ba ya ɗaukar wuta.

Abin da ruwa ya fi iska da shi

Dalilin komawa ga ruwa lissafi ne mai sauƙi. Kilo guda na ruwa yana shanye zafi kimanin ninki huɗu na abin da kilo guda na iska ke shanyewa kafin ya hau digiri ɗaya, sa'an nan ruwa ya fi iska nauyi fiye da sau 800. In aka haɗa biyun, lita guda ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai lita wajen 3,500 ta iska za ta ɗauka. Alal misali, katin nan mai wat 450, idan ana so abin da ke sanyaya shi ya hau digiri 10 kacal, yana bukatar iska fiye da lita 2,200 a kowane minti. In ruwa ne, bai kai lita guda ba a minti. Kwano ɗaya ke nan ya tsaya a madadin durom goma sha ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutumin karkara. Wanda ya taɓa kai dawa injin niƙa ya ga durom a tsaye kusa da inji, da tiyo biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ruwan da ya yi zafi a jikin inji yakan yi sauƙi ya hau ta tiyon sama, mai sanyi ya sauko ta na ƙasa, ba tare da famfo ba. Haka aka tsara tsohon injin Lister mai doki shida, wanda aka fara ƙerawa a Ingila wajen 1930, daga baya maƙeran Indiya suka ci gaba da kwaikwayonsa. Juyi 650 yake yi a minti, shi ya sa bugunsa ke fita ɗaya bayan ɗaya kamar daka, har mutane su iya hira a gefensa. A kwatanta shi da ƙaramin janareta mai shan fetur, wanda iska ke sanyayawa, mai juyi 3,000 a minti, wanda in maƙwabci ya tayar da shi sai an ɗaga murya. Manyan janaretocin gas na asibiti da na sakatariya, masu lagireto, juyi 1,500 suke yi. Dattawan da suka ga zamanin da ake harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna da Volkswagen Beetle a Ikko, duka daga 1975, za su tuna wadda ake jin tahowarta tun daga nesa. Mai iskar ce.

To, tsarin katin hoto mai ruwa ɗan'uwan tsarin mota ne. Akwai farantin jan ƙarfe da ke manne da ƙwaya, ruwa na bi ta cikin 'yan siraran hanyoyi a bayansa. Akwai ɗan famfo da ke tura ruwan, da tiyo biyu, da lagireto mai tsawon milimita 240 ko 360, da fanka biyu ko uku masu hura shi. Abin mamaki, shi ma katin da ake cewa na iska ne akwai ruwa a cikinsa. Bututun jan ƙarfen nan da ake gani sun ratsa haƙarƙarinsa, kowanne da ɗan ɗigon ruwa a rufe a ciki, wanda ke zama tururi a wajen ƙwaya, ya tafi can ƙarshe ya huce, ya dawo. Bambancin dai shi ne wannan ba shi da famfo, kuma ba ya iya kai zafin nesa.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, kuma randa ce ke ruɗinsu. Bahaushe ya saba da cewa ruwa sanyi ne, domin ruwan randa ya fi iskar ɗaki sanyi ko da bazara. Amma sanyin randa daga tsatsafowa yake. Ruwa na fitowa ta ƙofofin yumɓu ya bi iska, kowane kilo da ya tafi kuwa yana tafiya da zafi mai yawan gaske, fiye da ninki biyar na abin da ake bukata a kai shi daga ƙanƙara zuwa tafasa. Da wannan hikima ce marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin ajiye kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Shi ma durom ɗin injin niƙa a buɗe yake, yana tururi, shi ya sa yaron inji ke ƙara masa ruwa. Ruwan katin hoto kuwa a rufe yake ruf, ba ya tsatsafowa, ba ya tururi. Ɗan dako ne kawai: ya ɗauki zafi daga ƙwaya ya kai lagireto, lagireto ya miƙa wa iskar ɗaki. Don haka har abada ba zai fi iskar ɗakin sanyi ba, kuma zafin bai tafi ko'ina ba, yana nan cikin ɗakin tare da ma'aikaci.

Inda shirun yake fitowa

Ana auna ƙara da ma'aunin desibel, wanda ba ya tafiya kamar mudu. Raɗa tana wajen desibel 30, hirar mutum biyu wajen 60. Ƙarin desibel 10 kunne yakan ji shi kamar ƙarar ta ninka. In kuwa aka ajiye inji biyu masu ƙara iri ɗaya, desibel 3 kacal ke ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 1999, ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin aji ta wuce desibel 35 lokacin darasi, masana lafiyar ma'aikata kuma sun sa desibel 85 na awa takwas a matsayin iyakar da in aka saba wuce ta ji yakan lalace. A Nijeriya ma akwai dokokin hana ƙara na 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Katin hoto ba ya kurmantar da kowa, bai kai can ba. Ɓarnarsa ita ce gajiyar da hankali, musamman ga wanda zai yini yana duba lambobi ko yana sauraron murya domin gyara ta.

Ƙa'idar fanka ita ce zuciyar wannan magana, ya kamata ɗalibai su riƙe ta. Idan aka rage gudun fanka zuwa rabi, iskar da take turawa takan koma rabi, amma ƙararta takan faɗi da kimanin desibel 15. To, a ɗauki fanka guda mai juyi 2,000 a minti, a maye gurbinta da guda biyu masu juyi 1,000 kowacce. Iska tana nan yadda take. Ƙara ta ragu da 15, ta ƙaru da 3 saboda an zama biyu, saura 12, watau kunne zai ji abin bai kai rabin na da ba. Daga nan shirun yake fitowa, daga faɗi da sannu. Ruwa ba shi da wani asiri na kashe ƙara. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke zafi daga matsattsen wuri ya kai shi inda akwai filin da za a jera manyan fankoki su yi ta juyi a hankali. Shi ya sa katin iska mai kaurin haƙarƙari da manyan fankoki uku yakan kusa kamo na ruwa wajen shiru, shi ya sa kuma Nvidia ta iya fitar da nata samfurin RTX 5090 da iska kawai, duk da wat 575 da yake ci.

Ruwa kuma yana zuwa da tasa ƙarar. Famfo ba ya hutawa. Tun wajen 2014 yawancin katunan iska sukan tsayar da fankokinsu cik idan babu aiki mai nauyi, ta yadda akawun da ke buga wasiƙa ba zai ji komai ba. Mai ruwa kuwa famfonsa na nan yana zuga tun daga kunnawa har kashewa. Sa'ad da AMD ya fitar da Radeon R9 Fury X a 2015, kukan da masu saye na farko suka yi ke nan: fanka ta yi shiru, amma famfo na wata siririyar ƙara mai tsini kamar kukan sauro, wadda ma'auni ke nuna ba ta da yawa, kunne kuwa ya ƙi mantawa da ita. Haka nan in iska ta shiga famfo sai a ji yana ƙululu kamar mai kurkure baki. Akwai kuma wata tsuwa da wasu katuna ke yi daga naɗaɗɗun wayoyinsu na wuta, wadda babu ruwanta da fanka ko famfo, sai ma ta ƙara fitowa fili in aka kashe sauran ƙarar.

Sai dai duk wannan lissafi na ɗakin da ya riga ya yi tsit ne. Idan janareta na ruri a bayan taga har ƙararsa ta kai desibel 60 a cikin ofis, aka ƙara masa kwamfuta mai desibel 40, jimla ba za ta kai 61 ba. Wanda ya biya ƙarin kuɗi domin ya sauko da kwamfutar daga 40 zuwa 32 a irin wannan ofis, ya sayi abin da kunnensa ba zai taɓa ji ba. Da kuɗin ya gina wa janaretan ɗaki nesa da taga, da ya fi masa. Inda maganar ke canjawa shi ne wuraren da suka koma wutar hasken rana. A nan ne mutum kan fara jin kukan kwamfutarsa, kamar yadda ake jin gyare in gari ya yi shiru.

Bazara, hazo da ruwan rijiya

Yanzu sai a dawo gida. Masu gwada katunan nan a Turai da Amurka da Taiwan galibi a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 suke aunawa. A ƙasar Kano, zafin rana cikin Afrilu yakan kai digiri 38 zuwa 40 a inuwa, ɗaki mai kwano marar silin kuwa yana iya wuce haka. Duwatsun da suka kewaye Rano, waɗanda su ne adon garin, sukan sha rana yini guda su yi ta amayar da ita bayan magariba.

Lagireto yana aiki ne da ratar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iska. A ɗauka, don misali, wani lagireto yana riƙe ruwansa digiri 12 sama da iskar ɗaki. A ɗaki mai digiri 22 ruwan zai tsaya a 34. A ɗaki mai digiri 40 zai tsaya a 52. Masu ƙera irin waɗannan famfuna da yawa sun sa digiri 60 a matsayin iyaka. Ratar tsira ke nan ta sauko daga 26 zuwa 8. Na'urar da ke lura da zafi ba za ta zuba ido ba, za ta ƙara wa fankoki gudu, ƙa'idar da aka ambata ɗazu kuwa tana aiki gaba da baya: gudu ya ninka, desibel 15 sun dawo. Shirun da aka saya da tsada ya tafi a daidai watannin da aka fi bukatar na'urar ta yi aiki.

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Katin iska da ke riƙe ƙwayarsa digiri 45 sama da ɗaki, alal misali, zai tsaya a 67 a can, a nan kuwa 85, watau ya shiga yankin rage gudu, fankokinsa na ihu. Ƙwayar mai ruwa a wannan ɗaki tana iya kasancewa da sauran numfashi. Ashe ruwa yana da amfani na gaske a ƙasa mai zafi, sai dai amfanin na ƙwaya ne, famfo da tiyo su ke biyan bashin. Ruwa mai zafi yakan sulale a hankali ta jikin tiyon roba ko da babu huda, kuma yawan zafi na ƙara saurin sulalewar. Yawancin rufaffun na'urorin nan ba a yi musu bakin ƙara ruwa ba. Bayan 'yan shekaru ruwa ya ragu, iska ta taru, ƙululu ya fara.

Da bazara ta wuce, damina ta wuce, sai hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura mai laushi kamar gari daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta shimfiɗa a kan komai, ga kuma ƙaiƙayin sussuka da casa a lokacin kaka. Haƙarƙarin lagireto sirara ne, a matse suke, kamar rariya. Ƙura takan toshe su har ta zama bargo. In toshewar ta rage aikin lagireto da rabi, ratar nan ta digiri 12 ta koma 24. Cikin sanyin Janairu ba za a gane ba, domin ɗakin da kansa ya yi sanyi. Sai Maris ya kama, a tarar 40 da 24 sun ba da 64, an haura iyaka. Ƙurar hunturu ce ke kashe na'ura da bazara. In aka sa raga a bakin akwati domin tace iska, ƙura ta ragu, iskar ma ta ragu, fanka ta ƙara gudu. Kowace ƙofa aka toshe sai wata ta buɗe, kuma katin iska ma bai tsira daga wannan ba, sai dai shi in aka buɗe akwati ana ganin dattinsa, a kakkaɓe.

Wani zai ce, ai ƙasar nan ba ta rasa ruwa ba. Gaskiya ne. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, an gina ta ne domin riƙe ruwa kusan mita biliyan biyu na murabba'in zurfi, tana shayar da gonakin Bunkure da Kura da Kadawa. Amma ko cokali guda na wannan ruwa bai dace da katin hoto ba, haka ma na rijiya da na burtsatse. Dubi cikin butar shayi da ta shekara ana dafa ruwan rijiya, a ga farin ɓawon da ya kama ta. Hanyoyin ruwa na farantin jan ƙarfe ba su kai faɗin milimita guda ba, wannan ɓawo kaɗan ya ishe su. Ga gansakuka, wadda ke son ruwa mai ɗumi. Ga kuma tsatsar da ke tasowa idan jan ƙarfe da alminiyam suka haɗu a ruwa guda ba tare da maganin hana ta ba, alhali na'urori da yawa farantinsu jan ƙarfe ne, lagiretonsu alminiyam. Abin da ake so shi ne tataccen ruwa irin wanda masu cajin batir ke ƙara wa batirin mota, haɗe da maganinsa. A nan ma sai an yi hattara, domin a rumfa guda ake sayar da shi da ruwan asid, wani lokaci a kwalabe masu kama da juna.

Mafi nauyi a cikin duk wannan shi ne ranar lalacewa. In fankar katin iska ta mutu, tulin ƙarfen nan yana nan yana shan zafi, kati ya rage gudu, a lallaɓa a gama aikin ranar, a aika birnin Kano a sayo fanka da kuɗi kaɗan, yaro mai sukurdireba ya ɗaura. In famfo ya mutu, ruwan da ke kan ƙwaya ya tsaya cik, cikin ɗan lokaci kaɗan kwamfuta ta kashe kanta, kuma ba za ta yi aiki ba sai an sami wani famfon, wanda sau da yawa a haɗe yake da faranti da tiyo da lagireto, dole a sayo su tare. In kuwa yoyo ne, ruwa a kan allon wuta, asarar tana iya cin kwamfutar duka. Ba sabon abu ba ne ko ga manyan kamfanoni: wasu daga cikin Power Mac G5 masu ruwa da Apple ya fara sayarwa a 2004 sun yi yoyo bayan 'yan shekaru. Takardar garanti tana da daɗin karantawa, amma mai riƙe da ita a Kibiya sai ya tambayi kansa wa zai kai wa kayan, a wace ƙasa, da kuɗin wa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ofisoshin gwamnati kuwa sun fi gwanancewa wajen kasafin saye bisa kasafin gyara.

Bisa ga wannan, ga ofishin ƙaramar hukuma ko makaranta a wannan yanki, katin iska matsakaici, mai cin wat 150 zuwa 200, ya fi dacewa, kuma yawancin teburori ba su bukatar katin hoto na dabam ko kaɗan. Rubutu da lissafin albashi da jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, duk ba su nemansa. Inda aiki ya tilasta a sayi babban kati, akwai dabarar da ba ta cin ko kwabo, watau a rage masa iyakar wuta ta cikin manhajarsa. Wutar da ƙwaya ke ci tana hawa da sauri fiye da yadda gudunta ke hawa, don haka ƙarshen gudun nan shi ya fi tsada. Gwaje-gwaje da yawa a kan RTX 4090 sun nuna ana iya rage masa kusan kashi 30 cikin ɗari na wuta, aikinsa bai ragu da kashi 10 ba. Zafi ya ragu, ƙara ta ragu, faifan hasken rana da batir su ma sun huta.

Sa'an nan a dubi ɗakin kafin a dubi akwatin. Magina na da, masu soro da azara da katanga mai kauri, sun san yadda ake hana rana shiga da tsakar yini. Silin mai kyau, da inuwar darbejiya a yammacin gini, da taga ta sama inda iska mai zafi za ta fita, kowane digiri da suka rage wa ɗaki sun rage wa ƙwaya, ko da wane irin kati ne. Aiki mai nauyi kuma, irin haɗa dogon fim ko babbar taswira, ana iya barinsa ya gudana da asuba. Wanda ke shirin buɗe ɗakin koyarwa mai manyan katuna 20 ya sani wat 9,000 na zafi zai zuba a ciki, ban da na ɗalibai da sauran kayan. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya wat 2,600 ko kusa da haka take iya kwashewa, sai an sa huɗu saboda katunan kaɗai, ko masu ruwa ne ko masu iska.

Katin ruwa yana da wurinsa. Ɗakin ɗaukar murya, mai wutar hasken rana da na'urar sanyaya ɗaki da ƙofa mai rufuwa sosai, inda makirfo ke kama ko motsin takarda, kuma akwai ƙwararren da ke zuwa duba kaya, ya cancanci a kashe masa wannan kuɗi. In za a yi, a zaɓi lagireto mafi tsawo da akwatin zai ɗauka, a ɗaura shi yadda samansa zai fi famfo tudu domin iskar da ke ciki ta taru can, a ajiye akwatin a kan tebur, kada a ƙasa inda tsintsiya ke tayar da ƙura. A cikin takardar neman kaya kuma a rubuta wa dillali tambaya biyu, ya amsa a rubuce: a ɗaki mai digiri nawa aka auna sanyi da ƙarar da yake talla, kuma a wane shago a Kano ake samun famfon in ya mutu. Kakkaɓe lagireto a sa shi cikin jadawalin aikin ofis da sunan wanda zai yi, sau ɗaya a mako daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'an nan a yi masa babban wanki da busasshiyar iska a ƙarshen Fabrairu, a riƙe fikafikan fanka da yatsa lokacin hurawa domin kada su yi gudun da ya fi ƙarfinsu.